Birki a Kan Shanya

Motar ta kaɗe Tanimu jim kaɗan bayan sallar Azahar, a kan kwaltar da ta ratsa Tungar Ladan, hanyar Yelwa zuwa Wara. Tsohuwar a-kori-kura ce, an loda mata kwalayen bandan kifi. Tanimu ya cika nan take. Shekarunsa ashirin da huɗu.

Direban, Rabi'u, mutumin Kontagora, bai gudu ba. Ya fito ya tsaya kan gawar, hannu biyu a ka, yana ta cewa motar ce ta ƙi tsayawa. A nan dutsen farko ya same shi a bayan kunne. Mai'unguwa Umaru ya ratsa mutane ya ja shi cikin shagon kemis, ya datse ƙofa da kwaɗo, ya zauna a bakinta da sandarsa. Ya buga waya Yelwa neman 'yan sanda, aka ce masa ana tafe.

Ana cikin haka Malam Enoch ya iso kan babur. Shi ke koyar da Fiziks a sakandaren da ke gaba da tungar, kuma a nan aka haife shi. Ya tarar da an lulluɓe gawar da zane a ƙarƙashin dalbejiya, mahaifiyar mamacin, Inna Laraba, na zaune kusa da ita, ba ta kuka. Maza sun cika bakin kemis. A gabansu akwai Dogo, yayan Tanimu, wanda ya baro jirginsa a bakin tafki da filafili a hannu, wandonsa na ɗigar ruwa.

"Ku ba mu shi," in ji Dogo. "Baba, tashi ga ƙohwar nan."

Mai'unguwa ya hango Enoch ya yafuto shi.

"Malam, zo ka raba muna gardama. Wanga yaro ya rantse gudunai bai kai sittin ba. Su kuwa sun ce tashi sama shi kai. An ce ku kuna gane gudun mota ga sawunta." Sai ya rage murya. "Ka bi a sannu. Ka ja abin."

Enoch ya ji maganar farko. Ta biyun ta wuce shi, don idonsa ya riga ya koma kan titi.

Sawun tayoyin na nan, layi biyu, daga inda direban ya taka birki zuwa inda motar ta tsaya. Babu tef na awo a tungar. Wani masunci ya kawo igiyar taru mai ƙulli a kowace gaba, watau tsawon hannu biyu a buɗe. Aka miƙa ta. Sawun ya ci gaba ashirin da biyar. Enoch ya ƙiyasta gaba ɗaya mita biyu ba kaɗan, ya samu mita arba'in da biyar.

Ya tsuguna ya rubuta da gawayi a gefen kwalta: u² = 2as. Mutane suka zagaye shi, shi kuma ya koma malami a gaban aji.

"Idan mota na rage gudu daidai wa daida har ta tsaya, abu uku ne a ɗaure da juna: gudun da ta zo da shi, ƙarfin da birki ke zaftare gudun, da nisan da ta ci. In kana da biyu, ka samu na uku. Nisa muna da shi. Taya a kan busasshiyar kwalta tana zaftare kamar mita bakwai na gudu a kowace daƙiƙa, haka yake a littafi. Biyu sau bakwai sau arba'in da biyar, ɗari shida da talatin. Wace lamba ce in ka ninka ta da kanta za ta ba ka haka? Ashirin da biyar. Mita ashirin da biyar a daƙiƙa ɗaya."

"Ticha, ba mu zo makaranta ba," in ji Dogo. "Nawa na ga agogon mota?"

"Casa'in."

Duk aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Mai'unguwa ya runtse ido.

Ba a sake neman izininsa ba. Mutum biyu suka ɗauke shi cak da tabarmarsa suka ajiye gefe. Bugun taɓarya uku ya sauka a kan kwaɗon ya balle. Suka jawo Rabi'u ta ƙafa, kansa na bugun dakali. Ya ɗaga hannun dama ya kare fuska, Dogo ya sauke masa filafili a kai, aka ji ƙarar ƙashi kamar an karya kara. Daga nan duka ya zo ta ko'ina: gora, itacen girki, sarƙar babur. Wani ya taka masa baki da takalmin roba har haƙora biyu suka fito. Wani ya mirgino tsohuwar taya daga wurin mai faci, aka tsayar da shi aka zura masa ita ta ka, ta sauko ta matse hannuwansa a ƙirji. Aka aika a karɓo galan ɗin fetur wurin ɗan bumburutu.

Enoch ya kutsa yana cewa a dakata, lissafi ba hukunci ba ne. Gwiwar hannun wani ta same shi a hanci, ya faɗi rub da ciki a tsakiyar titi, tafukansa a kan sawun tayar.

Da ya ɗago su, sai ya ga fari.

Ya duba da kyau. Gari ne ya manne masa a tafi, da ɓuntu, da tsakin shinkafa. Taya in ta ja birki a kan kwalta baƙin roba take bari. Wannan sawun fari ne daga farko har ƙarshe, kuma ya auna shi da igiya, ya taka shi da ƙafa, bai tambayi kansa dalili ba. Ya waiga gefen titi. Buhuna sun fi goma a jingine, bakinsu a buɗe, tsintsiya da faifai a yashe kusa da su.

Lokacin girbin shinkafar rani ne. A tungar, kamar a duk ƙauyukan hanyar, kwalta ita ce wurin shanya: ba ƙasa, ba tsakuwa, ga zafi. Akan shimfiɗa shanshera, shinkafar da ba a sussuke ba, a gefe, a bar wa motoci tsakiya. Bana an samu albarka, gefen bai isa ba, shanyar ta ci titin har rabi da wani abu. Tanimu ma juya ta yake yi da manjagara lokacin da motar ta ɓullo daga kwana. Bayan hatsarin mata suka share ta cikin buhuna kada taro ya tattake abinci. Babu wanda ya ɓoye wa Enoch komai. Ba wanda ya ga abin faɗa ne a ciki, kamar yadda ba a ba da labarin an ga akuya a hanya. Shi kansa ya tashi yana gadin shanyar uwarsa a kan wannan kwaltar.

Galan ya iso. Enoch ya haye kan motar, jini na zuba daga hancinsa, ya dinga dukan rufinta da tafi har aka waigo.

"Na yi kuskure! Ba casa'in ba ne!"

"Ka ji Ticha," wani ya ce. "Ɗazu casa'in, yanzu an ba shi kwalin kihi."

"Bakwai ɗin da na sa na tsurar kwalta ne. Motar nan ba kwalta ta taka ba. A kan shanya ta ja birki. Ku dubi hannuna."

Dogo ya matso, galan a hannun hagu. "To mi shinkahwa ta yi?"

"Mirginawa take a ƙarƙashin taya. Birki ya kama, amma tayar ba ta da abin riƙewa."

"Ni za ka koya ma mota? Shekara shida ina jan irin wagga kahin in koma ruwa. In ka taka birki, mota tsayawa takai."

"To a gwada. A mai da shanyar, a zo da motar da gudu arba'in, a taka. In tsurar kwalta ce, gaba biyar ta ishe ta. In ta wuce haka nesa, ka san ba gudu ne ya kashe ɗan'uwanka ba."

Dogo ya dube shi, ya dubi Rabi'u da ke tangaɗi cikin tayar. Ya ajiye galan.

"Na yarda. Ni ka jan motar. Shi kuma a tsai da shi tsakiyar titi, gaba goma daga inda zan taka. In shinkahwa ta, ta kai mishi motar. In ba ita ba, ga hetur."

Wasu suka yi dariya. Enoch bai tsaya gardamar adalcin abin ba, don ya ga ba za a saurara ba. Ya diro ya tafi wurin Rabi'u, ya kama tayar ya tsayar da shi.

"Direba, dube ni. Nawa allurar take lokacin da ka taka? Kada ka rage don tsoro, kada ka ƙara. Da abin da ka faɗa zan yi aiki."

Rabi'u ya tofar da jini. "Hamsin da biyar, Malam. Ko ƙasa da kaɗan. Ina da yara uku."

Enoch ya koma kan gawayinsa, wannan karon bai yi wa kowa bayani ba. Hamsin da biyar kusan mita goma sha biyar ne a daƙiƙa. Sha biyar sau sha biyar, ɗari biyu da ashirin da biyar. A raba da biyu sau arba'in da biyar, watau casa'in: biyu da rabi. In direban gaskiya ya faɗa, birkin a kan shanya biyu da rabi kawai yake zaftarewa, ba bakwai ba, kuma motar ta yi daƙiƙa shida tana sulɓi kafin ta tsaya. Da gudu arba'in za ta ci mita ashirin da biyar, gaba goma sha huɗu. A gaba goma, inda Dogo ke so, za ta iso da sauran gudun da ya haura ashirin a agogo. Wannan ya isa ya fasa mutum a tsaye.

"Gaba ashirin," in ji Enoch.

"Goma."

"Dogo, kai ka ce mota tsayawa take. In a gaba biyar za ta tsaya, me ya dame ka da goma ko ashirin?"

"Sha biyu."

Mai'unguwa ya taso yana dogara sanda, rawaninsa a warware. "Sha bakwai. Na yanke. Wanda bai yarda ba shi fara da ni."

Sha bakwai mita talatin ne da ɗoriya. Rarar mita biyar da wani abu, in lissafin ya yi daidai, in kuma allura ta tsaya a arba'in.

"Zan zauna kusa da kai in ga agogon," Enoch ya ce wa Dogo.

"Zamna bisa cinyata in ka so."

Saura shinkafa. Mazan suka dubi buhunan, ba wanda ya motsa. Inna Laraba ce ta tashi daga gefen gawar. Ta gyara ɗaurin zane, ta kama kunnen buhu ɗaya ta ja shi zuwa titi, ta tuntsurar. A cikin shansherar akwai dunƙule-dunƙule masu duhu inda jini ya haɗe ta. Ta ɗauki manjagarar da Tanimu ya yar, ta soma bazawa.

"Inna, bari," in ji Dogo.

"Yadda take ɗazu za ni maishe ta," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kaurin yatsa guda. Ku kawo sauran."

Matan suka kawo. Aka ja layi da gawayi inda shanyar ta fara, aka ajiye dutse a gaba biyar, Enoch ya ajiye takalminsa ɗaya a gaba sha huɗu. A gaba sha bakwai aka tsayar da Rabi'u, aka ɗaure masa ƙafafu da igiyar tarun. Enoch ya roƙi mutane su ja baya daga bakin titi. Kaɗan ne suka ja.

Dogo ya juya motar ya koma bayan kwana. Hannunsa bai manta aikin ba. Ya sa giya ta biyu, ta uku. Allura ta hau talatin, ta hau arba'in.

"Ya isa," in ji Enoch. "Riƙe ta nan."

Dogo bai dube shi ba. Idonsa na kan mutumin da ke tsaye cikin taya, ƙafarsa kuma ta ƙara nauyi. Allurar ta wuce arba'in ta zauna a arba'in da biyar.

Enoch ya yi lissafin kafin su kai layin, don ba shi da wuya. Arba'in da biyar mita sha biyu da rabi ne a daƙiƙa. Sau kansa, ɗari da hamsin da shida. A raba da biyu sau biyu da rabi, watau biyar: talatin da ɗaya da ɗoriya. Nisa ba ya bin gudu ɗaya bayan ɗaya, ninkuwa yake. Biyar ɗin da Dogo ya ƙara ta cinye rarar duka, har ta nemi ƙari.

"Taka! Taka yanzu!"

Dogo ya jira layin. Ya taka da ƙarfinsa duka.

Ba a ji kukan taya ba. Wani gurnani ne ya taso daga ƙasa kamar injin niƙa, ƙurar ɓuntu ta tashi ta gefe biyu. Cikin daƙiƙar farko dutsen gaba biyar ya wuce ta taga. Dogo ya saki birkin ya sake dannawa. A ta biyu suka bi ta kan tabon jinin Tanimu, motar na tafe kamar ba a taɓa ta ba. Dogo ya murɗa sitiyari hagu, ya murɗa dama, motar ta ci gaba da tafiya sak, don tayar da ba ta riƙe ƙasa ba ba ta jin sitiyari. A ta uku takalmin Enoch ya shige ƙarƙashinsu. Dogo ya miƙe tsaye a kan birkin, bayansa ya bar kujera, yana faɗin "Tsaya, tsaya, don Allah tsaya," da wata murya da ba a san shi da ita ba. A ta huɗu fuskar Rabi'u ta cika gilashin gaba. Idonsa ɗaya ya kumbure ya rufe, ɗayan a buɗe.

Motar ta same shi da saurin mai sassarfa zuwa masallaci. Ƙarfen gaba ya daki tayar da ke ƙirjinsa, tayar ta lotsa ta cilla shi baya, ya faɗi a kan shinkafa ya mirgina. Motar ta ƙara kamu uku ta tsaya, injin ya mutu.

Ana jin shanshera na zubowa daga ƙarƙashin motar.

Enoch ya fita da ƙafa ɗaya ba takalmi. Rabi'u na numfashi. Tayar da aka sa masa don a ƙone shi ita ta karɓi bugun. Enoch da mai kemis suka zare ta, suka kwance igiyar. Da aka taɓa karyayyen hannun ya yi ƙara, wannan ya tabbatar wa na nesa cewa da ransa.

Dogo bai fito ba. Yana zaune, hannu biyu a kan sitiyari, ƙafarsa har yanzu a kan birki. Wani saurayi ya ɗauko galan ɗin ya kawo masa ta taga.

"Yaya Dogo, a zuba?"

Dogo ya dube shi kamar bai san shi ba. "Na taka," ya ce. "Kun gani na taka."

"Mun gani."

"Kai ma mai shi abinai."

Saurayin ya juya da galan. Daga bayan taron wani ya tambaya, ba da ƙarfi ba, shanyar wa ce ta ci tsakiyar titi. Gida bakwai ne suka yi shanya a wurin ran nan, kuma mazan gidajen na cikin masu riƙe da gora. Ɗaya bayan ɗaya gorar ta koma ƙasa. Mutane suka soma tuna cewa akwai gawa da ba a yi wa sutura ba.

Mai'unguwa ya tare wata motar haya da ta fito daga Wara, aka sauke fasinja biyu aka kwantar da Rabi'u a baya. A asibitin Yelwa aka samu karaya biyu a hannun dama, haƙarƙari uku, da idon hagu da bai sake gani ba. Ya rayu. Bai koma tuƙi ba. 'Yan sanda sun iso bayan La'asar, suka tarar da mota a tsaye, titi a share, kwalayen kifi cif ba wanda ya taɓa.

Kafin su iso, Enoch ya koma neman takalminsa. Ya same shi a baje, taya ta bi ta kai. Inna Laraba na durƙushe kusa da wurin tana tara shinkafar da tsintsiya a karo na biyu, tana ware mai jinin gefe guda.

"Ɗan nan," ta ce.

"Na'am, Inna."

"Daga inda yaron ga ya taka birki zuwa inda Tanimu yake tsaye, gaba nawa?"

"Sha ɗaya."

"Da babu shanya, da gudun da ya ce, ga gaba nawa za ta tsaya?"

Enoch ya riga ya yi wannan tun yana cikin motar. Ɗari biyu da ashirin da biyar a raba da sha huɗu, watau biyu sau bakwai na tsurar kwalta, mita goma sha shida. Gaba tara. Da ta tsaya saura gaba biyu.

Ya dubi gawayin da ke hannunsa. Ɗazu ya faɗi lamba da zarar ya same ta.

"Ban lissafa wannan ba, Inna."

Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe. Sannan ta miƙa masa bakin buhu.

"Riƙe min," ta ce.

Ya riƙe, ta ci gaba da zubawa.